Ranar Da Inna Hajo Ta Buɗe Baki

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina, ranar da aka kore ni daga ɗakin da nake duba marasa lafiya, na kuma fita. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake fara duban ɗan rakiya kafin in dubi shi maras lafiyar. To, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwandu, ba sai na kama suna ba. Muƙamina jami'in lafiya na al'umma. Ga wanda ba ɗan aiki ba, mu ba likitoci ba ne, ko da yake a ƙauye duk mai farar riga likita ne, har mai gadi in ya ari ta wani. Mu ne muke duba masu zuwa su koma, mu rubuta magani gwargwadon abin da aka yarje mana, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura gaba. Likita na gaske yakan zo mana daga gari lokaci-lokaci, sauran ranaku sai dai waya. Akwai kuma kujerar shugabar ma'aikatan jinya, wadda ake kira Sista, amma ta daɗe babu kowa a kanta tun da mai ita ta yi ritaya.

Matar da zan ba ku labarinta zan kira ta Inna Hajo, ba shi ne sunanta ba. Bafillata ce daga wata ruga da ke bayan Kambaza, doguwa, mai ƙarancin magana. Ciwon da ya same ta irin wanda yake sa gyambo ya feso a cikin babban hanji ne, mutum ya yi ta zawo da jini da majina shekara da shekaru. A gida an yi masa maganin basir, an yi na atuni, babu irin jiƙon da ba ta sha ba. Da abin ya kai intaha aka kai ta babban asibiti a Sakkwato. Likitocin tiyata suka cire babban hanjin, suka haɗa ƙaramin hanji da ɗan guntun da suka bari daga can ƙasa, kusa da mafita. Aiki ya yi kyau, ta murmure, aka sallamo ta, aka ce ta riƙa zuwa wurinmu muna duba ta, tunda mu ne kusa.

Bari in yi wa ƙananan ma'aikata bayani, don nan ne mutane suke ruɗewa. Wanda aka cire wa babban hanji ba zai koma yin bayan gida kamar kowa ba. Zai riƙa zagayawa fiye da da, kuma da ruwa-ruwa, domin babban hanjin ne mai tsotse ruwa ya mayar wa jiki. Wannan ba ciwo ba ne, sabon hali ne, sai dai mutum ya yawaita shan ruwa. Abin tsoro shi ne ciwon yakan iya farkawa a ɗan guntun nan da aka bari. In ya farka, sai jini da majina su dawo, da murɗar ciki, da zazzaɓi, da rama. In an kama shi da wuri, sau da yawa magani yakan kwantar da shi. In aka bar shi, mai shi zai yi ta tsiyayewa, jini ya ƙare, ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta gaji. Babu kuma wani awo a ƙaramin asibiti irin namu da zai gaya maka wannan kai tsaye. Sai dai mai ciwon ya faɗa da bakinsa.

Muna da wata doka a asibitin, Likita ne ya kafa ta: duk mai ciwon da ya daɗe, dole ɗan rakiyarsa ya shigo ɗakin dubawa ya zauna. Dalili kuwa mai kyau ne. Mun sha ba tsoho magani mu ce safe da yamma, ya je gida ya haɗiye na mako guda a rana ɗaya don ya warke da wuri. Tun da aka fara shigo da 'yan rakiya irin wannan ya ragu ƙwarai. Ni kaina ina cikin masu yabon dokar, har ina kai ta gaba a wurin taro.

Mai rako Inna Hajo wani magidanci ne dogo, sunansa Manu. Adda yake kiranta, kamar yadda Fulani suke kiran yayarsu mace, mu kuma muka ɗauke shi ƙaninta. Ban taɓa ganin ɗan rakiya mai kula irinsa ba. Ranar da aka ce su zo ba ya saɓawa. Yakan ɗauko mata ɗan kabu-kabu, shi kuma ya biyo su a baya a kan nasa babur. In sun shigo, ita ta zauna a bakin gado ta juya fuska wajen bango, shi ya tsuguna kusa da ƙofa da sandarsa. Duk abin da na ce game da magani sai ya maimaita shi har ya zauna masa.

Da farko komai lafiya. Sai da bazara ta ja, ruwa ya sauka, na lura sun fara zuwa ba ranarsu ba.

"Likita, na kawo Adda. Kanta ka ciwo."

In duba, in ba da magani. Bayan 'yan kwanaki su dawo, wai ƙaya ta soke ta a ƙafa. In duba ƙafar, ƙayar ba ta kai a hau babur dominta ba. Wani zuwan kuma wai a auna mata hawan jini. Ni kuwa abin da nake gani ba kai ba ne ba ƙafa ba. Matar nan tana zubewa. Awarwaron da ke hannunta da yake tsayawa a tsintsiyar hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. In ka ja fatar idonta, cikin fari fat.

Na san tarihinta, don haka ban yi kwana-kwana ba wajen tambaya.

"Inna, yaya cikin?"

"Da sauƙi."

"Bayan gida fa? Akwai jini? Akwai majina?"

"Lahiya lau."

"Kina yawan zagayawa fiye da yadda kika saba?"

"Ba komi."

In juya wajen Manu in ce, "Kai fa, ka ga wani abu?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ta ce, Likita."

Mun auna jini, muka samu zazzaɓin sauro, muka yi magani. Muka ba ta maganin tsutsar ciki da ƙwayoyin ƙarin jini. Da Likita ya zo na gabatar masa da ita, shi ma ya yi tambayoyin nan, ya samu amsoshin nan. Ya nemi ya duba ta daga ƙasa, ta ce a'a, kuma ba a tilasta wa babba. Ya ce to a mayar da ita Sakkwato su leƙa hanjin da na'ura. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Na warke. Mi za ni yi can?" Likita ya dube ni, na dube shi. Da suka fita ya ce, "Malam Garba, matar nan tana mutuwa a gabanmu, kuma ita kaɗai ta san ta ina." Maganar nan ta tsaya mini a rai, don na saba da ita, kuma ba ni da abin da zan yi mata.

Ana cikin haka aka turo mana sabuwar Sista daga wajen Kalgo. Sunanta Falmata, Babarbariya ce 'yar Barno, aure ya kawo ta ƙasar Kabi tun tana yarinyar ma'aikaciya, har ta yi jikoki. Kakkaura ce, da tsagen Barebari a kumatu, kafin ka gan ta ka ji ƙamshin turarenta, kafin ƙamshin kuma ka ji muryarta. A makon farko ta sa an wanke asibitin nan har inda tsintsiya ba ta taɓa shiga ba. Mun yi gunaguni a bayan idonta, ni ne ma kan gaba. Amma in ta riƙe hannun maras lafiya tana neman jijiya, sai ka ga wata mace daban, shiru, ido ƙur, kuma ba ta suka biyu.

Ranar Larabar da nake faɗa, da hantsi, sai ga su. Wannan karon ɗan kabu-kabun ne ya riƙo Inna Hajo har ƙofa, don jiri take gani. Manu yana biye, hannuwansa a buɗe kamar zai tare ta, amma bai taɓa ta ba. Sista tana tsaye a baranda tana kallo. Muka shiga ɗaki. Na ce a ba ta ruwa. Manu ya ɗebo a kofi, ya zo ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarta, ya koma bakin ƙofa. Na fara tambayoyina, na fara samun amsoshin da na haddace.

Sai Sista ta leƙo ta yafuto ni. Muka koma gefe.

"Malam Garba, wane ne wannan dogon a wurinta?"

"Ƙaninta ne, Sista."

"Wa ya gaya maka?"

"Adda yake ce mata."

"To ai haka 'yan fari da yawa suke kiran iyayensu, abin da suka ji 'yan gida suna faɗa. Ka taɓa jin ta kama sunansa? Ka taɓa ganin ta dube shi? Mace tana jiri, ga ƙaninta da babur, a ɗauko mata bare? Ɗanta ne, kuma na fari."

Na tsaya sororo. Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Ni Bakabe ne, a gidan masunta na tashi, kuma mu ma muna yi, yayana har ya yi furfura mahaifiyarmu ba ta kama sunansa ba. Sai dai ta Fulani ta fi tamu nisa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta hira da shi, in ka tambaye ta ma tana iya cewa ɗan wance ne. A gida na san wannan sarai. A ɗakin dubawa kuwa ɗan rakiya kawai nake gani, mai kawo maras lafiya a kan lokaci. Ashe duk tsawon watannin nan muna zaunar da mace a gaban ɗan farinta muna tambayarta launin bayan gidanta.

Na ce, "To bari in fitar da shi in sake tambayarta."

"Kai ma ai sa'ansa ne, kuma namiji. Ni kuma baƙuwa ce, ba ta san ni ba. Bakin da ya daɗe a rufe ba ya buɗewa don an rufe ƙofa." Sai na ga ta yi murmushi. "Amma Bafillata ce ko? Bar ni da ita."

Ta tura ƙofa ta shiga, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga muryar nan tata.

"A'a! Wa ya bar baiwata ta hau gado ba ta zo ta gaishe ni ba? Ke Bafillata, ina ƙwaryar nonon uwargijiyarki?"

Manu ya miƙe tsaye. Inna Hajo kuwa ta juyo daga bango a hankali, ta ɗaga kai ta ƙare wa tsagen fuskar Sista kallo. Sai na ga gefen bakinta ya motsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yaushe Barebari sunka samu hwarar riga? Wa yab ba bayi?"

Ga wanda bai sani ba, tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowane yana cewa ɗayan bawansa ne. In sun haɗu, ko ba su taɓa ganin juna ba, sai zolaya, kuma ba a fushi, ba a jin nauyi. Abin da ba za ka iya faɗa wa ɗan'uwanka na jini ba, kana iya jefa wa abokin wasanka shi a tsakiyar kasuwa.

"Mun samu farar riga tun ranar da Fulani suka fara faɗuwa suna cewa lafiya lau," in ji Sista.

"Ke dai ji da huskarki. Kaji sunka yi tono bisa?"

"Ado ne, ba ki san shi ba. Dube ki, iska mai ƙarfi ta taso sai mu je Jega nemanki. Wallahi da saniyarki ce ta rame haka, da tuni kin tara mana gari. Da kin gaya mini abin da ta ci, da yadda kashinta yake, da ranar da ya canza. Amma da yake ke ba ki kai darajar saniya ba, sai ki zauna kina kallon bango."

Inna Hajo ta yi dariya. Tunda nake da ita ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Dariyar ba ta yi nisa ba ta dafe mararta ta dunƙule, gumi ya keto mata. Sista ta gani, amma ba ta canza murya ba.

"Maza duk waje. Kai dogo, je ka sayo mini goro, kada ka dawo sai na aika. Malam Garba, kai ma bi shi. Zan hukunta baiwata, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi."

Haka aka kore ni daga ɗakina. Manu bai je sayen goro ba. Ya tsuguna a gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar asibitin, na jawo benci na zauna kusa da shi. Ta taga muna jiyo muryar Sista sama-sama, sai dariya, sai kuma murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ba a jin komai.

Na ce, "Manu, mahaifiyarka ce?"

Ya dubi ƙasa. "Ita ta. Ni na na hwari. Wurin kakata nit tashi."

"Ka san abin da ke damunta?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sandarsa.

"Na sani, Likita. Tun kahin ruwa shi sauka. Ina ganin ta da buta, ta tahi ta dawo, ta tahi ta dawo. Ta bar kai nono kasuwa. Ta sa anka matsa mata da bukka can gehe. In an kai mata tuwo sai ta ba yara. Ruwa ma ba ta sha, sai dai ta jiƙa baki, don kar shi tashe ta."

"Haba Manu! Sau nawa na tambaye ka?"

"Tana zamne ta ce lahiya lau, ni in ce ƙarya taka yi? Gaban mutane? Kuma in hwaɗi mi? In buɗe baki in ambaci bayan gidan wadda ta haihe ni?" Ya girgiza kai. "Wancan karon Dije ta ka hwaɗi, autarmu. Su ba kunya tsakaninsu. Yanzu Dije ta bi mijinta da shanu kudu. Matata kuwa suruka ta, ita ma ba ta iyawa."

"Shi ya sa kake ta kawo ta?"

"Shi na. In ce kai, in ce ƙaya. Ni dai ku gan ta. Na ce ko Allah Shi sa wani cikinku shi gane."

Ya juya fuskarsa wajen katanga, ni ma na juya tawa, don Bafillace ba ya son a ga idonsa a irin wannan hali. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji girmansa. Mutumin nan ya bar gonarsa a tsakiyar noma, ya bar dabbobinsa, yana ta zarya a kan hanyar da damina ta cinye, yana yi mana hannunka-mai-sanda da iyakar abin da tarbiyyarsa ta bar masa.

Da ƙofa ta buɗe, Sistar da ta fito ba mai wasan nan ba ce.

"Malam Garba, ɗaura mata ruwa yanzu, da babbar allura. Ka kira Likita. Jini da majina tun bazara, murɗa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Ta bari na duba ta. Kuma fitsarinta ya ragu sosai, tun jiya ba ta yi na kirki ba."

Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, don alama ce ƙoda ta fara gajiya. Na ɗaura ruwa, na kira Likita na karanta masa abin da muka samu. Ya ce kada a jira komai, a wuce da ita Sakkwato da ruwan a hannunta, shi zai kira su ya sanar. Saura yardarta. Na ce a raina nan za a sha daga. Sista ta koma ciki, muna jin ta tana cewa, "Tashi, ni zan kai ki da kaina. Ba zan bari dukiyata ta lalace a hannun Kabawa ba." Inna Hajo ta ce wani abu da ban ji ba, Sista ta sheƙe da dariya. Sai ga su sun fito, ɗaya tana riƙe da ɗaya.

Ba aikin Sista ba ne raka maras lafiya, akwai ƙananan da ake turawa. Ita ta shiga motar, ta zauna a baya da jakar ruwa a hannu. Manu ta sa shi gaba kusa da direba, ta ce kada ya waiwayo. Kafin su tashi ta sa ya kira mijin Dije a waya, ta karɓa ta yi magana da shi da kanta, ta ce a sako yarinyar a mota ko da shanu za su kwana ba a tatsa ba. A Sakkwato ma ba ta juyo ba sai da ta ja ma'aikatan ɗakin mata gefe ta gaya musu wanda za a tambaya da wanda ba za a tambaya ba.

Washegari da ta dawo na same ta a ofis ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura. Na ce, "Sista, kunya ce kawai ta sa ta yi shiru har haka?"

"Kunya ce, da wani abu. Ka san abin da ta ce mini? Wai Manu ne ya ɗauke ta ya kai ta har aka yi aikin nan, ya dawo yana murna ta warke. Ta ce, ‘In ce mai abin ya dawo? Gara in tahi da shi cikin cikina.’" Sista ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Fulanin nan za su kashe ni." Ta aike ni in samo mata ruwan zafi.

A Sakkwato suka leƙa da na'ura, suka samu guntun hanjin nan ya kumbura ya yi gyambo, kamar yadda ake tsoro. Aka yi mata ƙarin jini da na ruwa, aka sa ta a kan magani na sha da na matsi. Ƙodar ta farfaɗo. Ba a sake yi mata tiyata ba a wannan karon, amma sun gaya musu gaskiya: ciwon yana iya sake tashi, dole ta riƙa komawa ana leƙawa, kuma wata rana ana iya cewa a cire guntun. Dije ta iso, ita ta yi jinya, ita ce kuma bakin uwarta.

Da Likita ya zo, Sista ta tayar da maganar dokar 'yan rakiya. Ya ce, "Sista, dokar nan ta ceci mutane."

"Ba a ce a soke ta ba, ranka ya daɗe. A juya ta kawai. A fara ganin maras lafiya shi kaɗai, a tambaye shi wa yake so ya ji. In an zo bayanin magani, sai ɗan rakiya ya shigo."

Likita ya yi ɗan tunani ya ce, "Daga yau haka za a yi." Na yaba masa, don ba kowane babba ne ake gyara wa doka a gaban na ƙasa da shi ya karɓa ba. Cikin watannin da suka biyo baya mun ji abubuwan da ba mu taɓa ji ba daga bakin mutanen da muka daɗe muna dubawa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mutanenmu ba ƙin faɗin ciwo suke yi ba. Kowa yana da wanda zai iya faɗa wa, da wanda ko za a yanka shi ba zai faɗa a gabansa ba, kuma sau da yawa na biyun shi ne wanda ya fi ƙaunarsa, shi ne kuma zai ɗauko shi ya kawo. Sista ba ta zagi al'ada ba, ba ta ce wa kowa ya waye ba. Ta san inda al'adar ta toshe, ta kuma san inda ta bar hanya. Irin wannan sanin ba a ba da takardar shaidarsa, amma ban ga ma'aikacin lafiya na ƙwarai da ba shi da shi ba.

Bayan kaka Inna Hajo ta dawo wurinmu a duba ta, ta yi kumari, tana tafiya da ƙafarta. Ta kawo wa Sista man shanu a ɗan kwano, wai sadaka ce ga bayi. Da aka gama dubawa aka kira Manu ya ji bayanin magani, ya tsuguna a bakin ƙofa. Sista ba ta iya barin abu ya wuce.

"Ke Bafillata, wannan dogon da ya bar gonarsa yana ta wahala da ke, ba za ki ce masa sannu ba?"

"Wane? Ban san shi ba."

Ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta ɗauki ledar maganinta. Sai da ta zo daidai ƙofa ta tsaya, fuskarta na wajen Sista, bayanta na wajen ɗanta, ta ce a hankali, "Wanda duk yak kawo ni wurin ga, Allah Shi ba shi mai kawo shi."

Sista ta ce amin, ni ma na ce amin. Manu ya tashi ya fita, ya durƙusa a gefen baburinsa yana ta taɓa sarƙa, ya daɗe a haka, alhali babu abin da ya sami sarƙar.